Wace Mujalla Zan Tura Wa Maƙalata? Kwatance Ta Fuskar Tsawon Jiran Bita

Duk wanda ya kammala rubuta maƙala alhali wa'adi na tafe, ko na kare digiri na uku, ko na neman ƙarin girma, ko na miƙa rahoton tallafin bincike, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce wace mujalla za ta ba shi amsa da wuri. Mujallu sun san da haka, shi ya sa da yawansu ke kafa wata lamba a shafinsu na farko: kwana kaza kafin hukuncin farko. Sau da yawa wannan lambar ta haɗa har da maƙalun da edita ya mayar wa masu su tun ba su kai hannun masu bita ba, wato masanan fannin da ake ba su duba ingancin maƙala kafin a buga. Mujallar da ke korar maƙala bakwai cikin goma a makon farko dole lambarta ta yi kyau, ko da ukun da suka tsallake za su share wata biyar suna jira.

Abin da ya sa zaɓen ke da nauyi shi ne ƙa'idar da kusan dukkan mujallun ilimi suka haɗu a kanta: ba a tura maƙala ɗaya wurare biyu a lokaci guda. In ka cire mujallun shari'a na jami'o'in Amurka, waɗanda ɗalibai ke gudanarwa kuma suka yarda da hakan, ko'ina sai ka jira wuri na farko ya sallame ka kafin ka nufi na biyu. Don haka lissafin da ya kamata ka yi ba na kwanakin mujalla ɗaya ba ne, na dukan tafiyar ne, daga ranar da ka fara turawa zuwa ranar da maƙalar za ta yi maka amfani a inda kake buƙatarta.

Ina lokacin yake tafiya?

Karatun maƙalar ba shi ne ke cin watanni ba. Mai bita da ya zauna da gaske zai gama cikin yini ɗaya ko biyu. Gizo yana saƙa ne wajen nemo wanda zai yarda ya karanta, domin aikin kyauta ne da masani ke yi a kan koyarwarsa da nasa binciken. Rahoton da Publons, shafin da ya riƙa tattara bayanan aikin masu bita, ya fitar a 2018 ya nuna cewa a 2013 edita kan aika gayyata kusan 1.9 kafin ya samu bita ɗaya, zuwa 2017 ta kai 2.4. Edita zai gayyaci mutum, ya jira mako guda shiru, ya sake gayyatar wani. A shafinka na ScholarOne ko Editorial Manager kuwa, wato manhajojin da ake tura wa mujallu maƙala ta cikinsu, abin da za ka riƙa gani shi ne maƙala "tana hannun edita", kwanan watan da ke gefe yana canjawa lokaci-lokaci ba tare da komai ya motsa ba. Sau da yawa wannan canjin kwanan wata alama ce ta cewa an sake aika wata gayyatar.

Fanni ma yana da nasa tasirin, kuma ya fi sunan kamfanin bugawa ƙarfi. Nazarin da Huisman da Smits suka buga a 2017 daga bayanan da marubuta suka shigar a shafin SciRev ya samu cewa amsar farko bayan bita kan ɗauki kusan mako 13 a jimlace, amma a likitanci kusan mako 8 ne, a tattalin arziki da kasuwanci kuma kusan 18. Björk da Solomon, a 2013, sun auna daga turawa har zuwa fitowa a bugu: kusan wata 9 a ilimin sinadarai, kusan wata 18 a kasuwanci da tattalin arziki. Masanin tattalin arzikin da ya yi wata huɗu bai ji komai ba bai kai ga tayar da hankali ba. Likitan da ya yi haka yana da dalilin rubuta wa edita.

Ma'aunin da za mu bi

Na farko, tsawon jira, kuma a raba shi biyu: lokacin da aikin zai fito idon jama'a, da lokacin da za ka riƙe takardar karɓa a hannu. Na biyu, kuɗi. Na uku, ƙarko: bayan shekara biyar, shin mujallar tana nan cikin Scopus ko Web of Science, manyan rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, kuma kwamitin da zai auna ka yana ganin ta da daraja? Na huɗu, sauƙin shiga, wato yiwuwar karɓa da wahalar gyare-gyare. Na biyar, haɗari.

Manyan mujallu masu tsananin zaɓe

Nan ne su Nature, Science, Cell, The Lancet da manyan mujallun kowane fanni suke. Nature da Science kan karɓi ƙasa da maƙala ɗaya cikin goma, kuma mafi yawan waɗanda suke ƙi, editoci ne ke mayar da su ba tare da bita ba, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wannan saurin ƙin alheri ne, don bai cinye maka lokaci ba.

Wahalar tana kan wanda ya tsallake matakin farko. Masu bita uku, wani lokaci huɗu, kowa da buƙatarsa, kuma a kimiyyar halittu buƙatar kan zama a koma ɗakin gwaji a ƙara gwaje-gwajen wata shida. Bayan ka yi, a sake mayar musu, a sake zagaye na biyu, kuma har a wannan matakin ana iya ƙin maƙalar. Wani rahoto da Nature ta buga a 2016, bisa lissafin Daniel Himmelstein, ya nuna tsaka-tsakin lokacin bita a ita kanta Nature ya tashi daga kwana 85 zuwa sama da 150 cikin shekara goma. Ka lura, wannan lissafin na maƙalun da aka karɓa ne kawai. Waɗanda suka sha wahala aka kore su a ƙarshe ba sa ciki.

Kuɗi: in ka bi tsarin biyan kuɗin karatu, wato masu karatu ne ke biya, yawanci ba ka biyan komai. In kana son maƙalar ta zama buɗaɗɗiya ga kowa, Nature ta fara da Yuro 9,500 a 2021. Ƙarko kuwa babu kamarsu. Akwai kuma wani sauƙi da mutane ke raina wa: in an ƙi maƙalarka, kamfanin kan ba ka damar mayar da ita wata mujallarsa tare da rahotannin bitar da aka riga aka yi, misali daga Nature zuwa Nature Communications ko Scientific Reports. Wannan kan rage watanni, ko da yake yawancin mujallun da ake mayar da mutum can masu karɓar kuɗi ne.

Mujallun fanni, musamman na ƙungiyoyin masana

Waɗannan su ne ginshiƙin kowane fanni, kuma a ganina su ne suka fi dacewa da mafi yawan maƙalu. Editocinsu malaman jami'a ne da ke yin aikin a ragowar lokacinsu, masu bitarsu kuma sun san fannin ciki da waje. Bitar da za ka samu a nan ita ce ta fi gyara maƙala.

Matsalarsu ita ce ba a iya hasashen lokacinsu. Mujalla ɗaya tana iya amsa wa wani cikin mako shida, ta ajiye wani wata tara, bambancin kawai shi ne hannun editan da maƙalar ta faɗa. Lokutan hutun jami'o'i da ƙarshen shekara kan ƙara jinkiri. Wasu kuma, musamman a fannonin adabi, tarihi da zamantakewa, suna fitowa sau biyu ko huɗu ne a shekara, don haka ko bayan karɓa akwai layin jiran bugu. Tambayi ko suna ɗora maƙalar a intanet da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala ta dindindin, da zarar an karɓa, domin kwamitoci da yawa na amincewa da hakan.

Hanyar da ta fi kowace aminci wajen sanin saurin irin wannan mujalla tana ɗaukar rabin sa'a ne kacal. Buɗe maƙalu goma sha biyar na baya-bayan nan a shafinta. A ƙasan shafin farko na kowace za ka ga kwanan watan da rubutun ya iso, da wanda aka dawo da gyara, da wanda aka amince. Rubuta tazarar kowace, ka jera daga ƙarami zuwa babba. Ta tsakiya ita ce abin da za ka sa rai, ta ƙarshe kuma ita ce abin da za ka yi shirin jurewa. In ka ga tazarar wasu ta yi gajarta ƙwarai, ka tuna wasu mujallu kan ce wa marubuci "mun ƙi, amma sake turowa bayan gyara", sannan su fara ƙirga kwanaki daga turowa ta biyu.

Kuɗi a nan sau da yawa babu. Akwai ma waɗanda ba sa karɓar komai daga marubuci ko mai karatu, kamar Journal of Machine Learning Research.

Manyan mujallu masu auna ingancin aiki kawai

PLOS ONE ce ta buɗe wannan hanya a 2006, Scientific Reports ta biyo a 2011. Ba sa tambayar ko sakamakonka zai girgiza duniya, abin da suke dubawa shi ne ko hanyar binciken daidai take kuma ko hujjojin sun ɗauki abin da ka ce. Saboda haka binciken da ya tabbatar da abin da aka sani, ko wanda bai samu sakamakon da aka zata ba, yana da masauki a nan.

Mutane na ɗaukarsu a matsayin masu sauri, amma wannan suna ne na da. Rahoton 2016 ɗin nan ya nuna lokacin bita a PLOS ONE ya tashi daga kwana 37 zuwa 125, kuma dalilin a fili yake: dubban maƙalu na neman editoci da masu bita daga fannoni barkatai. Fa'idarsu ta gaskiya ba a saurin zagaye ɗaya take ba, tana wajen rage yawan zagaye. Wanda ya tura nan kai-tsaye aka karɓa cikin wata biyar ya riga wanda ya sha ƙi a mujallu uku, wata uku-uku, kafin ya iso. Kuɗin bugawa yana tsakanin dala 2,000 da 3,000, akwai kuma tsarin rangwame ko yafewa ga marubutan wasu ƙasashe, wanda dole a nema tun lokacin turawa, ba bayan karɓa ba.

Masu saurin gaske, da saurin da ake saya

Nan ne jarabar take ga mai wa'adi. MDPI, kamfanin da ke Basel, da Frontiers da ke Lausanne, duk a Suwizalan, sun gina tsarinsu a kan sauri: ma'aikata na cikakken lokaci suna bibiyar masu bita, ana ba mai bita kwanaki kaɗan, marubuci ma ana ba shi kwanaki kaɗan ya yi gyara. Nazarin da Mark Hanson da abokan aikinsa suka buga a 2024 ya samu cewa a 2022 mujallun MDPI kan ɗauki kusan kwana 37 daga turawa zuwa karɓa, har da gyare-gyare a ciki. Manyan mujallunsu kan karɓi faran 2,000 na Suwizalan zuwa sama.

Ba mujallun bogi ba ne, akwai bita, kuma ana buga ayyuka masu kyau a cikinsu. Abin da ya kamata mai zaɓe ya auna shi ne ƙarko. A Maris 2023 Clarivate, mai kula da Web of Science, ta cire mujallu da dama daga rumbun, cikinsu har da International Journal of Environmental Research and Public Health, ɗaya daga cikin mafiya girma a MDPI, da mujallu 19 na wani kamfanin bugawa mai suna Hindawi. Ita Hindawi, wadda Wiley ta saya a 2021, ta janye maƙalu sama da 8,000 a 2023 kaɗai, mafi yawansu daga fitowa ta musamman da baƙin editoci suka jagoranta, daga baya Wiley ta daina amfani da sunan baki ɗaya. A ƙarshen 2024 kuma hukumar JUFO mai jera darajar mujallu a ƙasar Finlan ta sanar da sauke mujallu 271 na MDPI da Frontiers zuwa matakin ƙasa. Marubucin da ya buga aikin kirki a ɗaya daga cikin waɗannan bai yi laifin komai ba, amma darajar mujallar ta canja bayan ya riga ya biya. Sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma saurin da ake saya a fili. Taylor & Francis na da irin wannan tsari a wasu mujallunta na likitanci, inda ake biyan dubban daloli don a gaggauta. Scientific Reports ta gwada nata a 2015, dala 750 don samun hukunci cikin mako uku, ɗaya daga editocinta, Mark Maslin, ya yi murabus don nuna adawa, kuma gwajin bai ɗore ba. A irin wannan tsari saurin hukunci kake saya, ba karɓa ba.

Fitar da daftari tun kafin bita

Wannan hanya ce ta raba abubuwa biyun da muka ambata a ma'auni na farko. Rumbun arXiv, wanda Paul Ginsparg ya kafa a 1991, da bioRxiv na 2013, da medRxiv na 2019, da SSRN ga fannonin zamantakewa, duk suna ɗora daftarin maƙala cikin 'yan kwanaki, kyauta, da kwanan wata da ke shaida cewa kai ka fara. Yawancin mujallu sun yarda ka ɗora daftari sannan ka turo musu, amma duba ƙa'idar wadda kake nufa tukuna. Da daftari a fili, jiran wata takwas ba ya da ciwo kamar da, domin ana karanta aikin, ana kafa hujja da shi, kana iya sa shi a takardar neman aiki ko tallafi.

Iyakarsa: daftari ba maƙalar da aka yi wa bita ba ce, kuma kwamitin ƙarin girma da yawa ba ya ƙirga shi. Ba ya kuma gogewa, in ka gano kuskure sai dai ka ɗora gyararre ko a liƙa masa alamar janyewa. Wanda ke shirin yin rajistar haƙƙin ƙirƙira kada ya ɗora komai sai ya shigar da takardunsa.

A kan wannan tushe aka gina wasu tsare-tsare. F1000Research tana buga maƙala tukuna sannan a yi bita a bainar jama'a da sunayen masu bitar, kuma maƙalar ba ta shiga PubMed, rumbun maƙalun likitanci, sai masu bita biyu sun amince, ko ɗaya ya amince biyu sun amince da sharaɗi. In masu bita ba su samu ba, maƙalar tana nan a rataye, kuma ba za ka iya kai ta wata mujalla ba. Ita eLife tun 2023 ta daina hukuncin karɓa ko ƙi bayan bita, tana buga daftarin tare da rahotanni da ra'ayin editoci, ta fara da kuɗi dala 2,000. Sakamakon wannan tsari Clarivate ta daina ba ta ma'aunin tasiri, wato lambar da ke nuna yawan kafa hujja da maƙalun mujalla, abin da ke da muhimmanci in jami'arka da shi take aunawa. Review Commons, na fannin kimiyyar halittu tun 2019, da Peer Community In, suna yin bitar kyauta sau ɗaya, ka ɗauki rahotannin zuwa mujallun da ke haɗin gwiwa da su.

Waɗanda ba zaɓi ba ne

Saƙon imel zai shigo yana kiranka babban farfesa, yana yabon wata tsohuwar maƙalarka wadda ba ta da alaƙa da sunan mujallar, yana alkawarin bugu cikin kwana biyar don "saura maƙala ɗaya fitowar ta cika". A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya tura maƙalar ƙarya mai kurakurai bayyanannu ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Kada ka yarda da tambarin Scopus ko DOAJ (jerin buɗaɗɗun mujallu da aka tantance) da ke shafin mujalla, je shafin Scopus ko DOAJ ɗin da kanka ka nemi lambar ISSN ɗinta, wato lambar shaidar mujalla.

Ga kwatancen hanyoyin a taƙaice:

| Hanya | Tsawon jira | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin shiga | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Manya masu tsananin zaɓe | Ƙi cikin mako 1 zuwa 2. Karɓa watanni da yawa | Babu, ko mai yawa ƙwarai | Mafi ƙarfi | Mai wuya | Ƙi bayan doguwar wahala |
| Mujallun fanni | Ba tabbas, ya danganta da fanni da edita | Sau da yawa babu | Mai ƙarfi | Matsakaici | Dogon shiru |
| Masu auna inganci kawai | Watanni kaɗan | Dala 2,000 zuwa 3,000 | Mai kyau | Da sauƙi in aikin ya inganta | Jinkirin samun edita |
| Masu saurin gaske | Makonni | Mai yawa | Yana canjawa | Da sauƙi | Sauke darajar mujalla |
| Daftari a rumbu | Kwanaki | Babu | Yana nan dindindin | Da sauƙi | Ba a ƙirga shi a wasu wurare |

Wa ya dace da wace hanya?

Ɗalibin digiri na uku da ba zai kare kundinsa ba sai da maƙalar da aka karɓa, kuma wata shida zuwa tara ya rage masa, ya manta da manyan mujallu. Ya nemi mujallar fanni wadda ya auna kwanakinta da kansa ya ga ta yi daidai, ko ya tafi irin su PLOS ONE in akwai mai biya. Kafin komai ya samu amsa a rubuce daga makarantarsa: takardar karɓa ta isa, ko sai maƙalar ta fito? Bambancin kan kai watanni.

Mai neman ƙarin girma ya fara da jerin mujallun da kwamitinsa ke amincewa da su, sauri ya biyo baya. In masu saurin gaske suna cikin jerin kuma wa'adi ya matso, yana iya tura maƙala ɗaya can, ta hanyar fitowa ta yau da kullum ba ta musamman ba, amma kada ya tara duk ayyukansa a kamfani ɗaya.

Wanda ke tsoron wani rukunin masu bincike ya riga shi, ya ɗora daftari yau, sannan ya zaɓi mujalla a natse. Wanda ke da sakamako babba kuma babu wa'adi a kansa, ya gwada babbar mujalla, wasu ma suna karɓar tambayar share fage da taƙaitaccen bayani kafin a tura cikakkiyar maƙala. Masu ilimin kwamfuta lissafinsu daban ne, domin manyan tarukansu na da ranakun hukunci tsayayyu, NeurIPS misali ana turawa a Mayu, a ji sakamako a Satumba.

Wanda ba shi da kuɗin bugawa, mujallun fanni masu tsarin biyan kuɗin karatu da waɗanda ba sa karɓar komai su ne nasa, ya haɗa da daftari don aikin ya samu masu karatu.

Wanda kuma ya riga ya tura, lokacin da mujallar ta ambata ya wuce da mako uku ko huɗu, ya rubuta wa ofishin edita layi uku cikin ladabi, da lambar maƙalar, ya tambayi matakin da take, ya kuma ce yana iya ba da sunayen wasu masu bita in ana buƙata. In ya sake rubutawa sau biyu shiru, ya aika takardar janyewa, ya ajiye kwafinta, ya nemi tabbacin cewa an cire maƙalar daga tsarinsu kafin ya tura ta wata mujalla.